Waiwaye: Yadda Shekarar Haihuwa Ta Shiga Lissafin Annobar Mura

Tun da aka gano murar tsuntsaye ta H5N1 a jikin shanun madara a Amurka cikin watan Maris na 2024, ake ta muhawara kan waɗanda za su fi shiga haɗari idan cutar ta fara yaɗuwa tsakanin mutane, sai ka ce yau aka fara wannan tambaya.

Annobar murar 1918 ta hallaka matasa majiya ƙarfi masu yawa. A 1927 wasu masana biyu, Kermack da McKendrick, suka fitar da lissafin yaɗuwar annoba da ya kasa jama'a gida uku, wato masu iya kamuwa, da masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke ko suka rasu. Lissafin ya yi amfani ƙwarai, sai dai ya ɗauki duk waɗanda ba su kamu ba a matsayin abu ɗaya.

Aikin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne na Thomas Francis da abokansa a Jami'ar Michigan. A shekarun 1950 sun gwada jinin mutane masu shekaru daban-daban, suka ga cewa garkuwar jikin kowane rukuni ta fi ƙarfi a kan irin murar da ya fara gamuwa da ita yana yaro, ko da an yi masa riga-kafin wani sabon iri daga baya. Francis ya tattara bayanin a 1960, amma an daɗe ana kallonsa a matsayin zancen ɗakin gwaji, yayin da aka fi danganta bambancin mutane da tsufa da rashin lafiya. A ganina nan aka yi jinkiri.

Sai a 2016 Katelyn Gostic da abokan aikinta suka mayar da batun lissafi. Sun ƙiyasta irin murar da 'yan kowace shekarar haihuwa suka fi yiwuwar fara kamuwa da ita, suka kwatanta da waɗanda H5N1 da H7N9 (wata murar tsuntsaye) suka kama a ƙasashe shida. Iyakar da ta raba mutane gida biyu ta faɗo a 1968, shekarar da sabuwar murar mutane ta H3N2 ta bayyana. Waɗanda aka haifa kafin nan sun fara da murar mutane irin H1 ko H2, dangin H5, kuma sun fi tsira daga H5N1; na bayansu sun fi samun kariya daga H7N9, domin H3 da suka fara da ita dangin H7 ce. An ƙiyasta kariyar daga cuta mai tsanani da kusan kashi 75 cikin 100. Dawowar H1N1 a 1977, bayan ta ɓace na wasu shekaru, ta cakuɗa lamarin, domin tun daga lokacin sa'o'in juna ma ba lallai su fara da iri ɗaya ba.