Waiwaye: Shari'ar ladan ƙwadago bayan 'yanta bayi a Amurka

Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, bayi kimanin miliyan 4 ne suka sami 'yanci a jihohin kudu, amma gonakin auduga sun ci gaba da zama a hannun iyayengijinsu na dā, musamman bayan Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa masu su filayen da aka fara raba wa 'yantattun. Dole ta sa akasarinsu suka koma ƙwadago, sau da yawa a gonar da suka yi bauta.

A watan Maris na 1865 ne majalisar dokoki ta kafa Hukumar Kula da 'Yantattun Bayi a ƙarƙashin Ma'aikatar Yaƙi, Janar Oliver Otis Howard ya shugabance ta, kuma jami'anta ne ke duba yarjejeniyar aiki ta shekara guda tsakanin mai gona da ɗan ƙwadago. Tushen rigimar shi ne lokacin biya. Yawancin lada sai bayan girbi ake bayarwa, littafin lissafi kuma yana hannun mai gona, wanda ke cire kuɗin kwanakin jinya, da na fartanyar da ta karye, da na kayan da aka ci bashi a kantinsa, alhali ma'aikacin da bai iya karatu ba alama kawai ya yi a takardar. Wasu masu gonar kan ƙirƙiro laifi su kori mutum dab da kaka don su cinye guminsa, dokar jihar Misisipi ta 1865 kuwa ta tanadi cewa wanda ya bar aiki kafin wa'adi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba ya yi asarar ladansa na shekarar.

Da yake kotunan jihohi da yawa ba sa karɓar shaidar baƙar fata a kan farar fata, hukumar ta buɗe nata kotunan. A jihar Bajiniya mutum uku ke zama: jami'in hukuma, wakilin masu gona, da wakilin 'yantattu. Jami'i kan hana sayar da auduga har sai an biya ma'aikata. Sai dai ba a ce hukumar ta tsaya wa 'yantattu ɗari bisa ɗari ba, domin ita ma ta matsa musu su sa hannu a yarjejeniyar da ba ta yi musu daɗi ba, jami'anta kuma ba su wuce 900 ba a duk faɗin kudu.

Rashin kyawun damina a 1866 da 1867 ya bar masu gona da yawa ba kuɗin biya, sai aka karkata ga noman da ake raba amfanin gona. A ƙarshen 1868 aka dakatar da yawancin ayyukan hukumar, aka rufe ta a 1872, ƙararrakin lada suka koma kotunan jihohi.