Maganin Damina: Ku Faɗa wa Masu Bin Diddigi Gaskiya

Assalamu alaikum iyaye mata da magidanta. Da ruwa ya zauna, masu raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro za su fara shiga gida-gida. Maganin na yara ne 'yan wata 3 zuwa wata 59, ana ba su duk wata, yawanci zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba, wasu wuraren har biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara gwada shi a Najeriya a jihar Katsina a 2013. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓi da kusan kashi 75 cikin ɗari, amma fa sai yaro ya sha na kwana ukun cif.

A rana ta farko yaro yana shan ƙwaya biyu a gaban mai rabo. Na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannunki ake bari, daga ke sai Allah. Shi ya sa bayan an gama zagaye ake turo wasu mutane daban, ba waɗanda suka yi rabon ba, su zaɓi wasu gidaje su yi tambaya: An zo gidan nan? A gaban mai rabo ya sha na farko? Kin ba shi sauran? Ina katinsa?

Na san abin da ke sa uwa ta ce "ai ya shanye duka" alhali ƙwayar na nan ƙarƙashin katifa. Wata uwar, kunya ce ke hana ta faɗin gaskiya. Wata kuma tana gudun kada ta ja wa mai rabon matsala, don 'yar unguwa ce, tare ake suna da biki. Wannan kara ce mai kyau a wurinta, amma a nan yaro take cutarwa. Idan takarda ta nuna kowa ya sha, rajistar asibiti kuma ta nuna yara na ta zuwa gwajin jini yana kama zazzaɓi, masu tsara aikin za su fara zargin maganin kansa, su bar ainihin inda gizo ke saƙa. Da kin ce, "Malama, na manta ne ranar kasuwa," ko "ya yi amai na ji tsoro," da an san bayani ne bai isa ba, a sake horar da masu rabo, a sa wata dattijuwar unguwa ta riƙa leƙawa tana tunatarwa. Ba a hukunta kowa kan amsar gaskiya, kuma ba a cire sunan yaro saboda ita.

Katin nan na shan maganin da ake ba yaro, ki adana shi tare da na allurar rigakafi. Ki sa alama bayan yaro ya haɗiye, ba kafin nan ba. Maigida, rubutun allin da ke jikin bango ko ƙofa kada a bari yara su goge. Da shi mai duba aiki ke gane gidan da aka shiga da wanda aka tsallake.

Idan yaro ya amayar cikin minti 30 da shan na farko, a gaya wa mai rabo, za a sake ba shi. Ƙuraje, kumburin fuska ko amai mai yawa, a kai shi asibiti nan take tare da katin, don kowane irin wannan ana rubuta shi a aika sama. Yaron da jikinsa ke da zafi ranar rabo sai an gwada jininsa tukuna. Wanda ke shan maganin Septrin ma ba a ba shi, don haka ki faɗa. Kada kuma a raba ƙwayar ƙane da wansa. Rabin magani ba ya kare ko ɗaya daga cikinsu. Gidan sauro kuma yana nan daram kowane dare.

Wanda aka tsallake gidansa kada ya jira wata mai zuwa. Rabon 'yan kwanaki ne kawai, sai ya sanar da mai unguwa ko ma'aikacin asibitin da ke kusa tun masu rabon ba su bar unguwar ba.