Yadda ake gasa ƙaton yankan burodi ba tare da tosta ba

Burodin da muke saya ba yankakke ba ne, in na yanka da wuƙa ba ya shiga bakin tosta. Ya zan yi?

Ai ita tosta dama an ƙera ta ne don siraran yanka irin na burodin leda mai yanka-yanka, shi ya sa bakinta matsattse ne. Namu kuwa irin na mai shayi ko na Agege, wanda kai za ka yanka da hannunka daidai cikinka, ba zai shiga ba, in ma ka tura shi da ƙarfi gefe zai ƙone ya maƙale. Ajiye ta kawai ka ɗauko kaskon suya. Ni a ganina ma kasko ya fi ta, don kana ganin abin da kake yi, kuma ba ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke.

To a kaskon ya ake yi?

Ɗora kaskon a wuta ya ɗan yi zafi, sai ka rage wutar, wannan shi ne duk sirrin. Yankan da ya kai kaurin yatsu biyu yana son wuta kaɗan-kaɗan, kamar minti biyu zuwa uku kowane gefe, kana ɗagawa kana leƙawa. In ka cika wuta saman zai yi baƙi tsakiyar kuma ko ɗumi ba ta yi ba, ka ga ka yi asara biyu. Kuma burodinmu akwai sukari sosai a ciki, shi ya sa yake saurin ƙonewa fiye da dogon burodin nan na Nijar da ake ci a Maraɗi da Damagaram, wanda kusan fulawa ne da ruwa da gishiri da yis kawai. Shi dogon ma tsaga shi ake yi gida biyu a tsaye a kifa fuskar da aka tsaga a kan kaskon.

In kana son tsakiya ta yi laushi da zafi, rufe kaskon na minti ɗaya da farko sannan ka cire murfin, in ka bar shi a rufe har ƙarshe tururi zai hana shi yin ƙamas-ƙamas. Wasu na dannewa da bayan cokali kamar yadda mai shayi ke danne burodi da ƙwai, yana sa ko'ina ya taɓa ƙarfen, amma fa burodin zai lotse.

Sai an sa bota ko mai?

A'a, busasshe ma yana gasuwa. Amma in ka shafa Blue Band ko man shanu siriri kafin ka ɗora, kalar ta fi kyau, ɗanɗanon kuma ba a magana. Ka dai kula bota tana saurin ƙonewa, kada wutar ta yi yawa.

Mu da muke girki da gawayi fa?

Wallahi naku ya fi ƙamshi. Jira gawayin ya ruru ya zama garwashi, toka ta fara rufe shi, babu harshen wuta babu hayaƙi, sai ka ɗora waya irin ta masu tsire ka jera burodin a gefen da zafin bai yi yawa ba. Nan fa babu zuwa ɗauko wani abu a ɗaki, ka juya baya kaɗan ya zama gawayi shi ma. Kuma a tsakar gida ake yi ko inda iska ke shiga, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba a gani ba a jin warinta kuma tana kisa. Risho kuwa kada ka kanga burodi a harshen wutarsa kai tsaye, warin kalanzir zai kama shi, sa kasko a tsakani.

Ina da baƙi, yanka goma nake so lokaci guda.

Obin ke nan. Kunna shi ya kai digiri 180 zuwa 200, jera su a faranti kada wani ya hau wani, bayan kamar minti biyar ka juya su.

Maikrowef ba zai yi ba?

Ba zai yi ba. Shi ruwan da ke cikin abinci yake dumamawa, ruwa kuma a digiri 100 yake tsayawa, alhali jan nan da ƙamshin gashi ba sa fitowa sosai sai saman burodin ya bushe zafi ya kai wajen digiri 140, a nan ne sukari da furotin ke haɗuwa su canza kala. Wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Maillard ne ya bayyana wannan a 1912, har yau da sunansa ake kiran abin. A maikrowef burodin zai yi zafi ya yi laushi, yana hucewa ya koma kamar roba.

Wai da gaske ne ƙonannen burodi yana da illa?

Abinci mai sitaci in ya gasu ya yi duhu sosai yana samar da wani sinadari, akirilamaid, shi ya sa hukumar kula da abinci ta Birtaniya a 2017 ta ba da shawarar a tsaya a kalar zinare kada a kai baƙi. Ba wai yanka ɗaya ne zai kwantar da kai ba, kankare baƙin da wuƙa ka ci abinka, kawai kada ya zama kullum.

Burodin shekaranjiya da ya yi tauri zai gasu?

Shi ne ma ya fi daɗin gashi don ruwansa ya ragu, kuma ya fi sauƙin yankawa bai maƙale wa wuƙa. In ya bushe da yawa yayyafa masa ruwa kaɗan kafin ka ɗora. Amma in ka ga fumfuna, ko kore ko baƙi ko fari-fari, kada ka ce za ka yanke wurin ka gasa sauran, burodi mai laushi ne, saiwar fumfunar ta riga ta shige ciki inda ido ba ya gani, wuta kuma ba ta kashe dafin da wasu ke bari. Zubar da shi.