Yarjejeniyar Legas ta 1975

Yarjejeniyar Legas ita ce takardar da ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma suka sa wa hannu a birnin Legas ran 28 ga Mayu 1975, lokacin da garin yake babban birnin Najeriya. Ita ta haifi Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, ko CEDEAO a bakin mutanen Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa. Manufarta ita ce a rage haraji da shingaye tsakanin ƙasashen, kaya da mutane su riƙa wucewa ba takura. An kafa sakatariya a Legas, asusun ƙungiyar kuma a Lome. Kap Bad ta shigo daga baya, Muritaniya ta fice a 2000.

Asalinta

Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ne ya buɗe wa Legas ido. Kwaddibuwa da Gabon sun amince da Biyafara, Faransa kuma ta tallafa mata, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta gane cewa maƙwabcin da ba ka jawo a jiki ba, wani zai jawo shi. Daga 1972 Gowon da Janar Gnassingbé Eyadéma na Togo suka shiga tallata shirin, Farfesa Adebayo Adedeji, kwamishinan raya tattalin arziki, yana zagaya ƙasashe. Ba a sha da sauƙi ba. Ƙasashe rainon Faransa sun kafa tasu ƙungiyar, CEAO, a 1973, Shugaba Senghor na Senegal kuma ya so a shigo da Zayar don kada Najeriya ta danne kowa. Kuɗin man fetur na wancan zamani ya taimaka wajen shawo kan masu ɗari-ɗari. Wata biyu bayan sa hannu, ran 29 ga Yuli 1975, aka hamɓarar da Gowon yana taro a Kampala.

Zirga-zirga da fatauci

Abin da talaka ya fi gani a yarjejeniyar shi ne ƙa'idar da aka ƙara mata a Dakar a 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Ga Hausawa, wannan halatta tsohuwar hanya ce kawai. Tun kafin Turawa su ja iyakoki fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, kuma a zamanin mulkin mallaka goron ya koma biyowa ta teku zuwa Legas, jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Zangon Agege da na Kumasi da na Akara duk 'ya'yan wannan fatauci ne. Yau ma a unguwannin Legas irin su Mile 12 da Idi-Araba, ɗan Kano da ɗan Maraɗi da ɗan Damagaram kafaɗa da kafaɗa suke neman abinci, harshe ɗaya, masallaci ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya.

Amma takarda daban, bakin iyaka daban. Wanda ya bi hanyar Legas zuwa Badagry zuwa Seme, kan iyakar Benin, ya san yawan shingayen da ake tsayar da mota, da kuɗin da ake karɓa ba rasit. Gwamnatoci ma sun sha take alkawarin. A Janairun 1983, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, kimanin miliyan ɗaya daga cikinsu 'yan Gana, dubbai suka cunkushe a tashar jirgin ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme. Gana ita ma ta yi irin wannan kora a 1969, ta shafi Yarbawa da Hausawa da yawa. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta sake korar baƙi a 1985. Da ya dawo a farar hula, ya rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Kowane karo, ƙaramin ɗan kasuwa ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa.

Daga kasuwa zuwa tsaro

Yarjejeniyar ba ta tanadi aika soja ba, sai dai yaƙin Laberiya ya sa aka kafa rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙungiyar, wato ECOMOG, a 1990, Najeriya ta ɗauki mafi yawan nauyinta na kuɗi da na rayuka, aka kuma tura ta Saliyo. A Yulin 1993 aka sabunta yarjejeniyar a Kwatano, aka tanadi majalisa da kotu. Hedikwata ta bi gwamnatin Najeriya zuwa Abuja. Kuɗin bai-ɗaya da ake kira Eco kuwa an sha ɗage ranar fito da shi.

Ficewar ƙasashen Sahel

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ƙarƙashin shugabancin Bola Tinubu ta rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka yi barazanar kai soja. Malamai da sarakuna da sanatocin Arewa sun ƙi amincewa da yaƙi, kuma sun yi daidai, domin takunkumin ya fi cutar da mai albasa da mai shanu da mara lafiyar da ke jiran magani fiye da sojojin da suka karɓi mulki. An janye shi a Fabrairun 2024, amma an makara: tun ran 28 ga Janairun shekarar Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa, ta kuma tabbata ran 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar ta koma ƙasashe 12. A ranar ce ECOWAS ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna ba biza, har zuwa lokacin da za a kammala tattaunawa da sabon ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES.