Waiwaye: Na'urar ɗan yatsa da baƙar fata

Tun zamanin korona ake ta ce-ce-ku-ce kan 'yar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin da ke jininsa. A watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka suka kwatanta lambar da take nunawa da gwajin jini na gaske. A baƙaƙen fata, kusan kashi 12 cikin ɗari na lokutan da ta nuna komai lafiya, iska ta riga ta yi ƙasa sosai. A fararen fata bai kai kashi 4 ba. Jama'a suka ɗauka sabon labari ne.

Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970, kafin ƙarshen shekarun 1980 ta cika ɗakunan tiyata. Haske iri biyu take harbawa ta cikin yatsa, ja da wanda ido ba ya gani, ta ƙiyasta iskar daga yadda jini ya sha su. Ƙiyasin kuma an daidaita shi ne da jinin 'yan sa-kai, galibinsu masu hasken fata, alhali launin fata shi ma yana shan haske.

Shekarar da ba a cika tunawa da ita ba ita ce 1990. Likitoci biyu a Amurka, Amal Jubran da Martin Tobin, suka bi majinyata 54 da ke kan injin numfashi. Suka ga idan na'urar ta nuna kashi 92 cikin ɗari, farar fata na da isasshiyar iska, amma a baƙar fata sai na'urar ta nuna 95 hankali zai kwanta. Tazarar uku ce kacal, sai dai ka ƙaddara nas ce a aikin dare, gadaje sun yi mata yawa. Ta leƙa allo ta ga 92, ta rage iskar silinda, ta wuce gado na gaba. Ta yi daidai da abin da aka koya mata. Lambar ce ba a auna ta da irin fatar wanda ke kwance ba.

An buga binciken a mujallar likitoci, ya yi kwanciyarsa shekara talatin, na'urar kuwa ta yi ta ƙanƙancewa tana araha har ta kai kemis. Da korona ta zo, da ita mutane ke yanke shawarar zuwa asibiti ko zaman gida. A Maris na 2024 wani kwamiti mai zaman kansa a Birtaniya shi ma ya tabbatar da abin da likitocin nan biyu suka rubuta.