Handikaf a wasan golf: yadda gwani da ɗan koyo ke buga wasa ɗaya

Handikaf wani lissafi ne a wasan golf, ko ƙwallon lambu kamar yadda wasu ke kiransa, wanda ke sa mutum biyu da ƙwarewarsu ba ɗaya ba su kara kuma kowa na iya ci. A taƙaice dai rata ce ake ba mai rauni, kamar yadda babban yaro ke ce wa ƙaninsa fara gudu sai ka kai bishiyar can kafin in taso. A kokawa ko dambe ba mai haɗa ƙato da ɗan tsurut, amma a golf kam Alhaji da ya shekara ashirin yana bugawa zai fita da yaron da ya fara bugawa a bara, kuma ba wasan yara za su yi ba.

Cikakken zagaye rami 18 ne, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Yawancin filaye ƙa'idarsu bugu 70 zuwa 72, wato yawan bugun da ake sa ran gwani zai gama zagayen da shi. To handikaf ɗinka kusan shi ne yawan bugun da kake ɗorawa a kan wannan ƙa'ida ranar da hannunka ya faɗa daidai. Misali Alhaji na da 6, yaron na da 24. Alhaji ya gama da 79, a cire 6 saura 73, yaron ya gama da 95, a cire 24 saura 71, ka ga yaro ya ci ke nan duk da ya fi yawan bugu da 16, kuma Alhaji ba shi da ta cewa sai dai ya sayi lemo. In kuma rami-rami ake ƙirgawa, bambancinsu 18 ne, sai a ba yaron rarar bugu ɗaya a kowane rami. Katin wasa na jera ramukan daga 1 zuwa 18 bisa wahalarsu, in rarar ba ta kai 18 ba daga masu wuyar ake fara rabawa.

Da can yankuna na da tsarinsu daban-daban har guda shida, sai a 2020 hukumomin golf, R&A ta St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka suka haɗe su wuri ɗaya. Yanzu ana duba zagaye 20 na ƙarshe da ka buga a ɗauki 8 mafi kyau a fitar da matsakaicinsu, mafi yawan da ake ba mutum 54 ne, mace ko namiji. Ana kuma sa wahalar fili a lissafin, da lamba daga 55 zuwa 155, 113 ce ma'auni. Wannan na da amfani sosai ga ɗan Bauchi da zai je Rayfield ta Jos ko filin IBB na Abuja, don a filaye da yawa na Arewa yashi ne ake shafewa a kewayen rami maimakon ciyawa, ga ƙasa da rani tauri kamar siminti ƙwallo ta yi ta gangarawa, wanda ya saba da haka in ya hau ciyawa mai laushi sai lissafinsa ya rikice.

Akwai kuma salon da ke rufa wa ɗan koyo asiri. A Stableford, wanda wani likita Frank Stableford ya ƙirƙiro aka buga a kulob ɗin Wallasey na Ingila a 1932, maki ake tarawa, in rami ya gagare ka ɗauki ƙwallonka kawai, sifili ne a nan ba ya shafar sauran. A salon sikirambul kuwa, wanda ake yi ƙungiya-ƙungiya, kowa a ƙungiyar ya buga sai a zaɓi bugu mafi kyau duka a ci gaba daga wurin.

A gaskiya abin da ke ɓata wa gwani rai ba yawan bugunka ba ne, jinkiri ne. Tun 2019 minti 3 kacal doka ta ba mai neman ƙwallon da ta ɓace, da can minti 5 ne. Sai kuma masu ɓoye ƙwarewa, su ƙi miƙa katin ranar da suka yi kyau don lambarsu ta tsaya a sama su kwashe kofi ranar gasa, shi ya sa kulob ke da kwamitin da zai iya rage wa mutum lamba in ya ga ba ta dace da bugunsa ba.