Wasiƙa zuwa ga mai ɗaurin rai da rai: me doka ta ce, kuma me ke sa a tare ta a hanya

Ɗaurin rai da rai ba ya soke wa fursuna haƙƙin rubuta wasiƙa ko karɓarta. Dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya kan yadda ake riƙon fursunoni, waɗanda Babban Zauren majalisar ya amince da sabon tsarinsu a watan Disamban 2015 ya kuma raɗa musu sunan Nelson Mandela, sun faɗi haka a doka ta 58: a bar fursuna ya riƙa tuntuɓar iyalinsa da abokansa a kai a kai, ta rubutu da ziyara, da ta waya ko intanet inda akwai su, amma da sa idon hukuma gwargwadon buƙata. Ba a ware mai shekara biyu daban, mai rai da rai daban ba. Doka ta 43 ta ƙara da cewa ba a horon fursuna da yanke shi daga iyalinsa. Ana iya taƙaita hulɗar na ɗan lokaci idan tsaro ya tilasta, iyakarta ke nan.

Ba banza aka sa sunan Mandela ba. Shi kansa ɗaurin rai da rai aka yi masa a 1964, kuma a shekarunsa na farko a tsibirin Robben wasiƙa ɗaya ake bari ya rubuta, ɗaya ya karɓa, duk wata shida, ita ma sai an bi ta an soke ko an yanke wuraren da ba a so.

Sai dai waɗannan dokoki 122 ma'auni ne, ba yarjejeniya ba ce da ta ɗaure ƙasashe. Abin da zai yanke wa wasiƙarka hukunci shi ne dokar ƙasar da gidan yarin yake, sai kuma ƙa'idar ofishin wasiƙu na wannan gidan yarin. Ta biyun ce ta fi kayar da mutane.

Matakin tsaro, ba tsawon hukunci ba

Gidajen yari suna rarraba mutane bisa haɗarin da ake ganin suna da shi. Masu ɗaurin rai da rai galibi suna fara zama ne a sashen tsaro mai tsanani, shi ya sa wasiƙunsu suka fi shan bincike. A gidajen yarin gwamnatin tarayyar Amurka, fursunan da ke matakin tsaro na tsakiya ko na sama ba shi da ikon manne ambulan ɗin wasiƙar da zai aika, a buɗe yake miƙa ta, a karanta idan an ga dama. Wanda ke matakin ƙasa yana iya mannewa. A Ingila da Wales kuwa kowace wasiƙa ana iya buɗe ta a duba abin da ke ciki, amma karantawa layi-layi ta fi faɗawa kan waɗanda ke rukunin tsaro mafi tsanani da waɗanda aka sa wa ido saboda wani dalili. Mutum ɗaya zai iya fara zamansa ana karanta masa komai, bayan shekara goma ko sha biyar a sassauta masa. Majalisar Turai (Council of Europe) ma ta ba ƙasashenta shawara a 2003 cewa kada a ware masu ɗaurin rai da rai saboda hukuncinsu kaɗai.

Dokokin gidan yari na Ingila na 1999 sun ba wanda aka yanke wa hukunci haƙƙin aika wasiƙa ɗaya da karɓar ɗaya duk mako, kuma hukuma ce ke biyan kuɗin aika ta makon. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Ƙari a kansa da kuɗinsa yake sayen kan sarki, daga ɗan abin da yake samu na aikin cikin gidan yari. Idan ka rubuta uku ya amsa ɗaya, sau da yawa dalilin ke nan.

Yaushe hukuma ke da ikon tare wasiƙa

A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Procunier da Martinez, inda ta soke ƙa'idar jihar Kalifoniya da ta ba gandirobobi damar tare wasiƙa don kawai fursuna ya cika ƙorafi ko ya kambama kokensa. Kotun ta ce na waje ma, mai rubutawa ko mai karɓa, yana da haƙƙi a cikin wasiƙar. Ta kuma gindaya sharuɗɗa uku: a sanar da fursuna an tare, a ba wanda ya rubuta damar ƙalubalanta, kuma wanda zai duba ƙorafin ya zama ba shi ne jami'in da ya tare tun farko ba. Daga baya, a 1987 da 1989, kotun ta sakar wa hukumomi mara game da abin da ke shigowa daga waje. Yanzu ya isa su nuna cewa ƙa'idarsu tana da alaƙa mai ma'ana da tsaro ko tafiyar da gidan yari. Ma'ana, wasiƙar da ke shiga ta fi mai fita sauƙin tarewa.

A Turai madogarar ita ce sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam, wanda ya ambaci wasiƙu ƙarara. A shari'ar Silver ta 1983 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta sami Birtaniya da laifi kan tare wasiƙun fursunoni ba tare da gamsasshen dalili ba. Dalilan da ake karɓa sanannu ne: tsaron ƙasa, hana aikata laifi, tsaron gidan yarin, da kare wani mutum, musamman wanda aka yi wa laifin ko ƙananan yara. Zagin abincin kurkuku ko sukar shugabansa ba ya cikinsu.

Wasiƙar lauya tana da nata matsayi. Ba a karanta ta, kuma idan za a buɗe don neman haramtaccen abu, a gaban fursunan ake buɗewa. Amma sai an yi mata alamar da ƙa'ida ta tanada a bayan ambulan, tare da sunan lauyan da ofishinsa. A Ingila ana rubuta cewa tana ƙarƙashin doka ta 39 ta dokokin gidan yari na 1999. Wanda ba lauya ba kada ya ari wannan alama don ya kauce wa bincike. Ana bin diddigi, kuma fursunan ne zai sha horon.

Ambulan da takarda

Yawancin wasiƙun da ake dawowa da su ba don abin da aka rubuta a ciki ba ne. Daga bayan ambulan matsalar take farawa. Ka rubuta cikakken sunan da ke takardun kotu, ba laƙabi ba, ba kuma sunan da ya koma amfani da shi a ciki ba. Ƙarƙashinsa ka sa lambarsa ta fursuna. A tarayyar Amurka lambobi 8 ne, biyar sai ɗan layi sai uku. A Ingila harafi ɗaya ne, lambobi huɗu, sai haruffa biyu. Suna yana iya zuwa ɗaya da na wani, lamba ba ta zuwa, don haka da ita ma'aikata suke aiki. Ka sa naka cikakken suna da adireshi a kusurwar ambulan, ka maimaita a saman shafin farko, domin wasu wurare suna yar da ambulan su miƙa takardar kaɗai. Wasiƙar da ba ta da adireshin mai aikowa ana iya ƙin karɓarta, kuma babu inda za a aika maka sanarwar an ƙi.

Farar takarda, farin ambulan, biro baƙi ko shuɗi. Ban da turare, jan baki, sitika, gam, ƙyalƙyali, fenti, fensir mai launi, da katin gaisuwa mai ninki biyu ko mai kiɗa. Wannan tsauri yana da tushe. Ana jiƙa takarda da ruwan wiwi na haɗi, wanda ake kira Spice ko K2, a shanya ta bushe, a rubuta gaisuwa a kai, a ciki kuma a yayyage ta ana sayarwa. Akwai wani maganin masu fama da jarabar ƙwaya da ke zuwa a siririn falle mai narkewa a baki, ana ɓoye shi ƙarƙashin kan sarki ko a bakin ambulan inda ake mannewa. Saboda haka duk tabo, danshi ko ƙamshi abin zargi ne, ko da ɗigon shayi ne ya faɗa wa takardar.

Wannan ce ta sa wurare da yawa suka daina miƙa ainihin takardar. Jihar Pennsylvania ta fara a 2018: wasiƙun fursunoninta ana aika su ne wani kamfani a jihar Florida, a ɗauki hotonsu da na'ura, gidan yarin ya buga kwafi ya ba mai ita. Wasu jihohin sun bi sahu, gidajen yarin Ingila da dama kuma suna yin fotokwafi. Abin da wannan ke nufi gare ka: adireshin wasiƙa ba lallai ya zama adireshin gidan yarin ba, sai ka bincika. Ka rubuta a fuska ɗaya ta takarda, ka bar fili a gefuna don na'ura tana yanke baki, ka sa lamba a kowane shafi, misali 2 cikin 5, da kwanan wata. Kada ka aika abin da ba ka da madadinsa, kamar hoton marigayiya mahaifiya ƙwaya ɗaya tak ko zanen da yaro ya yi, domin asalin ana lalata shi bayan wani lokaci. A ganinmu wannan tsari ya rage wa wasiƙa rabin darajarta, ga mutumin da takardar da 'yarsa ta taɓa da hannunta ce kaɗai abin da ya rage masa na gida, amma dai shi ne ƙa'ida a inda aka kafa shi.

Hotuna ana karɓa, da iyaka kan yawa da girma, kuma iyakar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Ba a karɓar irin na Polaroid, wanda kyamara ke fitarwa nan take, saboda bayansa yana da aljihu. Ka rubuta suna da lamba a bayan kowanne. Kuɗi ba a sa su cikin wasiƙa, suna da hanyarsu daban. Kan sarki ma tarayyar Amurka ba ta bari a aiko wa fursuna. Littattafai kuwa a wurare da yawa sai sun fito kai tsaye daga mawallafi ko kantin da hukuma ta amince da shi.

Abin da ake rubutawa

Ka ɗauka wani zai karanta, kuma za a iya ajiye kwafi. Taswira, bayanin ginin gidan yarin, sunan gandiroba da inda yake zaune, rubutu da lambobin sirri, duk suna sa a tare. Rubutu da harshen da ma'aikata ba sa ji, Hausa ce ko wani, galibi bai haramta ba, amma idan fursunan yana cikin waɗanda ake karanta wa wasiƙa, za ta jira mai fassara, jiran kuma yana iya kaiwa makonni.

Abu biyu ne suka fi jefa masu kyakkyawar niyya cikin matsala. Na farko, zama ɗan aike. Fursuna ya sako wata takarda cikin taka ya ce don Allah ka tura wa wane. Mai yiwuwa wanen wani fursuna ne, ko shaida, ko wanda kotu ta hana shi tuntuɓa. Wasiƙa tsakanin fursuna da fursuna sai da izini na musamman, kuma bi ta hannunka zagaye ƙa'ida ne. Kai za a iya cire ka daga masu rubuto masa, wani lokaci har a tuhume ka.

Na biyu, zancen laifin da ya kai shi. Mai ɗaurin rai da rai sau da yawa yana da ɗaukaka ƙara a gaba, ko zaman kwamitin da ke duba yiwuwar sakinsa bisa sharaɗi. Wasiƙarka ba ta da kariyar wasiƙar lauya. Jimla ɗaya da ya rubuta maka cikin fushi, ko ya amsa wani abu, ko ya ɗora wa wanda aka kashe laifi, tana iya shiga fayil ɗinsa a karanto masa ita bayan shekara takwas. Kada ka ja shi zuwa wannan zance.

A nan ya kamata ka san wane irin rai da rai ne. A Ingila alƙali yana yanke mafi ƙarancin shekarun da za a yi, bayansu kwamiti ya duba, wanda aka saki kuma yana ƙarƙashin sharaɗi har ƙarshen rayuwarsa, ana iya mayar da shi. 'Yan kaɗan ne ake yanke wa zama har mutuwa. A Amurka kuwa sama da mutum 55,000 ne ke ɗaurin da babu damar sakin sharaɗi a cikinsa. Ga mai damar fita, doguwar hulɗa da na waje abu ne da kwamiti ke dubawa, kuma za a iya neman ka rubuta takardar goyon baya. Idan ka ce za ka ba shi masauki, jami'ai za su zo su duba gidan da masu zama cikinsa. Kada ka yi wannan alkawari don daɗin baki.

Wanda zai rubuta wa fursunan da bai sani ba, ya kasance baligi, ya yi amfani da akwatin gidan waya ko adireshin ƙungiyar da ta haɗa su maimakon na gidansa, ya kuma faɗi tun a wasiƙar farko sau nawa zai iya rubutu da kuma cewa ba ya aika kuɗi. Idan hulɗar ta ɓaci, yana da ikon rubuta wa shugaban gidan yarin ya nemi a hana fursunan sake tuntuɓarsa, kuma ana aiwatarwa.

Idan amsa ta ɗauke

Kafin ka ɗauka an yi fushi da kai, ka bincika ko an sauya masa gidan yari. Masu dogon ɗauri ana yawan yi musu canjin wuri, sau da yawa ba tare da sanarwa ba. Doka ta 68 ta dokokin Mandela ta ba shi haƙƙin sanar da iyalinsa nan take, amma abokin wasiƙa ba lallai labari ya iso shi ba. Tarayyar Amurka tana tura wasiƙa sabon wurin har kwana 30, bayan haka a mayar wa wanda ya aiko ta, kuma tana da shafin intanet da ake neman fursuna da lambarsa. A Ingila ana neman inda yake ta ofishin hukuma, sai dai ba za a gaya maka ba sai shi ya yarda. Idan kuma sanarwar tarewa ce ta zo maka, ka duba dalilin da wa'adin ƙorafi da aka rubuta a jikinta, ka amsa a rubuce kafin wa'adin ya cika, tare da kwanan watan wasiƙar da kwafinta. Shi ya sa ake ɗaukar hoton kowane shafi kafin a manne ambulan.